Daga Abdulsamad Zuwa Abdulsamad

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Malam Abdulsamad a Azare, kuma katangar gajeriya ce, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Na ga mazan da caca ta raba da iyalinsu, na ga waɗanda hirar majalisa ta cinye. Amma mutumin da ya bar idon tsohuwar da ta raine shi ya mutu saboda yana jiran saƙon da shi ya aika wa kansa, wannan kam shi kaɗai na sani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, ina cikin ɓacin ran kuma dariya ta ƙwace mini.

Shekarar da Cyril, wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo, ya buɗe shagon intanet a hanyar kasuwa, a shekarar aka tura Abdulsamad bita Bauchi daga ofishinsu, aka buɗe wa kowa adireshin imel. Sauran abokan aikinsa kafin su iso gida sun manta nasu. Shi kuwa ya sa aka rubuta masa nasa da fenti a bayan babur, ya kuma rubuta shi a ƙofar zaure. Kafin ya je ofis sai ya biya ta wurin Cyril ya duba, da azahar ya sulale ya duba, bayan la'asar ya sake komawa. In an ɗauke wuta shi ke taya Cyril jan igiyar janareto.

Matsalar ɗaya ce: babu mai aiko masa da komai. 'Yan uwansa na Udubo in suna da magana direba suke ba sallahu. Abokan aikinsa kuwa ɗaki ɗaya suke zama, in suna nemansa juyowa kawai suke yi. Kullum ya buɗe akwatin sai ya tarar da shi fayau. Cyril ne, ko don tausayi ko don kada ciniki ya gudu, ya nuna masa cewa mutum na iya tura wa kansa saƙo.

Daga ranar Abdulsamad ya sami abokin hulɗa wanda bai taɓa saɓa masa ba. Da Hausa yake rubutawa, don Turancinsa na ofis ne, ba ya kai shi cikin gida. Sai ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya tambayi kansa iyali, sannan ya faɗi abin da yake so ya tuna. In ya tura sai ya rufe, ya fita waje ya sha rake, ya dawo ya buɗe. Yana ganin an ce yana da sabon saƙo sai bakinsa ya tafi har kunne. Ya karanta a natse, sannan ya mayar da amsa irin wadda ya saba ba mutane a ofis: «Na ga saƙonka. Za a duba.»

Goggo yayar mahaifinsa ce. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, da ya kama aiki ya ɗauko ta daga Udubo. Sunan mahaifinta aka sa masa, saboda haka tunda aka haife shi bakinta bai taɓa furta sunan ba, «Babana» take ce masa. Kowace safiya tana suyar ƙosai a ƙofar gida, duk layinmu da shi muke karyawa. Ba ta roƙon kowa sabulu ko goro, kaskonta ya ishe ta, kuma tana ji da wannan.

Wata safiya yana goge babur ta ce masa, «Babana, idon nan nawa na hagu kamar ana jawo masa labule daga gefe. In na dubi fitila sai in ga ta yi zobe. Ga ciwon kai.»

«Subhanallahi. Wannan ba abin wasa ba ne, Goggo. Yau ɗin nan zan tura wa kaina.»

«Ka tura wa wa?»

«Wa kaina. In na tura ya shiga akwati, ko shekara goma ba zai ɓata ba. Mutum kan manta, na'ura ba ta mantuwa.»

«Kai za ka aika, kai kuma za ka karɓa?»

«Haka zamani ya zo.»

«To ba ga ka nan a tsaye ba? Gaya wa kanka yanzu mana, ni ma in ji.»

Ya yi dariya irin ta wanda ya je Bauchi bita, ya buga babur ya tafi. Kuma gaskiya ya cika alkawari, ya tura. Da yamma ya dawo ya shaida mata saƙon ya iso lafiya, har an amsa. Goggo ta yi masa addu'a, don a tunaninta abin da ya kai ga rubutu ya kusa zama aiki.

Aka ci Sallah, aka yi shuka, labulen nan na ta matsowa. Goggo ta fara juya kanta gaba ɗaya in za ta ga wanda ke tsaye a hagunta. Akuya ta zo ta wannan gefen ta ci ƙullu har ta ƙoshi, ba ta gani ba. Rannan ta miƙa hannu za ta gyara itace, sai ta tsoma shi a gefen kasko. Jannatu, matar Abdulsamad, ita ta fito da gudu ta shafa mata ƙwai a ƙunar. Da maigidan ya dawo ya ga hannun ya tashi, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ko abinci bai tsaya ci ba, ya koma wurin Cyril ya tura wa kansa sabon saƙo, ya rubuta «GAGGAWA» da manyan baƙaƙe a samansa.

A bakin layinmu akwai Adunni, Bayarbiya mai shagon kayan masarufi, wadda muke kira Maman Lola. Ta fi shekara ashirin a Azare, Hausa a bakinta har da habaici. Ita ta leƙo ta ga yadda Goggo ke lalubar murfin roba, ta ce wa Jannatu uwarta ta yi irin wannan, hawan jinin ido ne, in aka kama shi da wuri magani ake ɗigawa ya tsaya, in aka bari kuma abin da ya tafi ya tafi. Ta ce ita za ta rufe shago ta raka su asibiti.

Jannatu ta jira ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta ce, «Malam, ina neman izini gobe mu kai Goggo asibiti, ni da Maman Lola.»

Ya sha mur. «Ni na mutu ne? Ina da babur, ina da aiki, a ce matata da maƙwabciya ne suka kai uwata asibiti a kan acaɓa? So kike a yi da ni a gari?»

«To yaushe za ka kai ta?»

«Maganar tana hannu. Saƙo nawa na tura a kanta? Ke ba ki san yadda ake bin abu daki-daki ba.»

«Idon ne ba ya bin daki-daki, Malam.»

«Ban ba ki izini ba.»

Abin haushin, Goggo da kanta ta goya masa baya. Ta ce ita ba za ta bi baƙuwa asibiti ba a ce ba ta raini ɗa ba. Babanta ya ce zai kai ta, zai kai ta. Na ji wannan ta kan katanga, na ce a raina wannan tsohuwa kunyar ɗanta za ta ci mata ido, kuma haka aka yi.

Sai ga shi wata Talata, ranar da likitan ido ke ganin mutane, Abdulsamad ya tashi da himma. Ya ce Goggo ta shirya. Ta ɗauko atamfarta ta ƙasan akwati, ta shafa turare, ta yafa mayafi. Da ta hau bayan babur sai da ta sa ya tsaya a ƙofar gidanmu, wai ta gaishe ni, alhali so take in ga ɗanta zai kai ta asibiti. Na yi musu Allah ya kiyaye har cikin zuciyata.

Hanyar asibiti ta gaban shagon Cyril ta bi. Suna isowa babur ya rage gudu da kansa.

«Goggo, sauko ki zauna a bencin nan, yanzun nan zan fito.»

«Nan ne asibitin?»

«A'a. Zan duba ne in tabbatar da abin da na rubuta, kada likita ya tambaye ni wane ido ne in yi kuskure.»

«Ga ni ga idon, Babana. Na hagu ne.»

«Gara dai a gani a rubuce.»

Ranar kuwa sabis ya ga dama ya yi nauyi. Shafin ya buɗe rabi ya tsaya. Abdulsamad ya rufe ya sake buɗewa, ya koma wata na'urar, ya dawo ta farko. Inuwar da ke kan benci ta janye ta bar Goggo a rana, zafin Azare kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Cyril ya kawo mata ruwan leda, ya koma ciki ya dafa kafaɗar mutumin.

«Oga Samad, Mama tana waje fa. Ka tafi, in ka dawo saƙo yana nan, ba inda zai je.»

«Ya kusa buɗewa.»

«Wallahi ni mai shago ne, ina son ciniki, amma ka tashi ka kai Mama.»

«Cyril, ka san aikinka, na san nawa.»

Da shafin ya buɗe, sai ya tarar da saƙonni uku da ya tura wa kansa jiya ba a amsa ba. Mutum mai ladabi irinsa ba zai tashi ya bar su haka ba. Sai da aka kira azahar ya fito yana miƙa, ya shaida wa Goggo cewa lallai na hagun ne. Suka isa asibiti an rufe ba da kati, likita ya tashi. A hanyar dawowa ya yi ta faɗa a kan ma'aikatan zamanin nan da ba su san darajar lokaci ba. Goggo ta sauka, ta ninke atamfar ta mayar ƙasan akwati, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Bayan wannan ba ta sake yi masa maganar ido ba, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ƙosai ya fara fitowa wani ɗanye wani ƙonanne. Masu saye suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mu da muka rage don kara muke saye. Labulen ya gama rufe hagu ya tsallaka dama. Takan kira ni da sunan Jannatu, ta kira Jannatu da sunana, ta wayance da cewa tsufa ne.

Ranar da abin ya ƙare, Jannatu ta fito daga ɗaki ta ga Goggo ta nufi rijiyar tsakar gida gadan-gadan da buta a hannu, murfin a buɗe, saura taku kaɗan. Ta riƙo ta ta baya suka zube tare. Jannatu ba ta yi kuka ba, ba ta kuma aika neman kowa ba. Ta zari hijabi, ta ƙwala wa Maman Lola kira, suka tare acaɓa biyu. Wannan karon Goggo ba ta yi musu ba.

Labari ya iske Abdulsamad a inda kowa ya san za a same shi. Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne matarsa ta fita ba izini. Na biyu kuma, kada a ce ya yi sakaci. Nan take ya sa Cyril ya buga masa duk saƙonnin da ya taɓa turawa a kan idon Goggo, da amsoshinsu, a takarda. Sai da injin ya yi zafi. Ya ɗaure su da roba, ya rungumo su zuwa asibiti kamar mai zuwa kotu.

Ya same su a gaban likita, wani dattijo mai sanyin murya, ya gama haska idon ke nan. Maman Lola ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, har tana kwaikwayon tafiyarsa. Ya dire takardun a kan tebur ya ce, «Likita, ni ne ɗanta. Ga shaida, ban taɓa mantawa da maganar nan ba ko na rana ɗaya.»

Likita ya zaro ta ƙasa, wadda ta fi kowacce daɗewa, ya duba kwanan watan da ke samanta. Ya ɗago ya dubi Abdulsamad.

«Malam, da ranar da ka rubuta wannan ka kawo ta, da idonta biyu za ta koma gida. Na hagu ya mutu. Na dama saura ɗan haske, shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa da magani.»

Da suka fito sai Abdulsamad ya huce a kan Jannatu, ya ce maganar fita ba izini ba ta wuce ba, zai yanke mata hukunci. Ya tura wa kansa wannan ma, don haka har yau Jannatu na zaune lafiya a ɗakinta.

Suya ta gagari Goggo. Jannatu ta karɓi kasko, ita kuma tsohuwar ta koma gefe a kan tabarma tana ƙunsa wa masu saye da lalube. Matar da ba ta taɓa jiran kowa ba, yanzu sai an riƙe mata hannu za ta zaga bayan gida, kuma na sha jin kukanta ƙasa-ƙasa ta kan katanga in ta ɗauka ba kowa. Amma wata safiya na ji ta kira shi da murya mai daɗi.

«Babana, takardun nan da ka kai wa likita, ba ni su in adana. Abin da ka wahala a kaina ai bai kamata ya yi yawo ba.»

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya kawo mata su da hannu biyu.

Washegari na aika aka sayo mini ƙosai, sai ya zo a ƙunshe cikin farar takarda mai kyau, ba irin tsohuwar jaridar da muka saba ba. Na juye ƙosan, idona ya faɗa kan rubutu, mai ya ɗan jiƙa shi amma yana karantuwa: «Zuwa ga mai girma Malam Abdulsamad. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tunatar da kai maganar idon Goggo. Naka har kullum, Abdulsamad.» A ƙasa kuma: «Na ga saƙonka. Za a duba.»

Ba ni kaɗai ba ce. Duk wanda ya sayi ƙosai ranar ya sami nasa. Malam Jalo tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya bi gida-gida yana karɓar takardun, ya jera su bisa kwanan wata, ya riƙa karanta wa majalisarsa da murya biyu, ta mai roƙo da ta mai amsawa. Cinikin ƙosai ya dawo har ya fi da. Mutane daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa, wani ma cewa yake a ƙunsa masa a takarda biyu. Kafin mako ya zagayo, in ka tambayi ɗan acaɓa canji ko ka ce wa mahauci ya ƙara maka tsoka, sai ya gyara murya ya ce maka za a duba.

Abdulsamad ne na ƙarshen ji. Ya yi sallama a majalisar Malam Jalo, aka amsa masa baki ɗaya da cewa an ga saƙonsa. Ya ga takardarsa a hannun mutane duk ta sha mai. Bai ko kashe babur da kyau ba ya faɗo gida, ana tsakar suya, layi ya cika, ni ma ina tsaye da kwanona.

«Goggo, kin tozarta ni a gari.»

«Ni da ba na gani? Takarda na ji mai kyau, tana shan mai, na ce kada ta lalace a banza.» Ta ci gaba da ƙunshi. «Kai ka ce shaida ce. To ga shi mutane sun shaida.»

Ya dubi sauran takardun da ke ƙarƙashin cinyarta, har yanzu da kauri. Ya dubi mutane. Sai ya durƙusa a gabanta. Ban sani ba ko nadama ce ta durƙusar da shi ko takardun yake hange, Allah ne masani.

«Goggo, na yi kuskure. Ki yafe mini, ki sa mini albarka.»

Ta ɗago fuska ta juya inda take zaton yake, ta ɗan kauce masa, sai ta zama tana fuskantar bango. Wannan kaucewar ta fi komai taɓa ni, don a nan na ga abin da ya yi mata.

«Malam Abdulsamad,» in ji ta.

Matsamin da ke hannun Jannatu ya tsaya a cikin mai. Duk wanda ke wurin ya san sunan ubanta ne, kuma ba wanda ya taɓa jin sa a bakinta.

«Na ji saƙonka. Za a duba.»

Ba wanda ya yi dariya, har Malam Jalo.

Ba zan ce Abdulsamad ya daina zuwa wurin Cyril ba, don ban saba ƙarya ba, ya dai rage. An goge adireshin ƙofar zaure. Shi ke sayo maganin ido yanzu, ko da yake Jannatu ke ɗigawa, don ita ba ta buƙatar a tuna mata. Idon hagu bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba, kuma wannan ba ciwo ne ya yi shi ba, ba rashin asibiti ba ne, ba talauci ba ne. Mutum ne ya mayar da tunawa da abu tamkar yin sa, ya yi ta gaisawa da kansa tsohuwa na zaune a rana.

Kowace safiya yakan durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da sakin fuska, ta tambaye shi aiki. In ya kawo maganar yafiya sai ta ba shi amsar da ya koya mata. «Babana» kuwa bai sake fitowa daga bakinta ba. Har muka tashi daga layin, ana nan ana dubawa.